Turbar Doki, Tayar Keke

Sharhinmu na yau zai kai mu karkarar Ingila, ya leƙa da mu Amurka da Faransa da Italiya, a kan wata siririyar hanya da ke bin gefen ruwa. Duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin ɗaya daga cikin tsofaffin gadojin da ke ƙetare kanal-kanal ɗin Ingila, wato kogunan da mutane suka haƙa da hannu domin jiragen dakon kaya, idan ya dubi kusurwar gadar zai ga wasu zane-zane masu zurfi kamar tsagar fuska, wasu har yatsa yana shiga ciki. Igiya ce ta yi su. Shekara da shekaru doki yana tafe a bakin ruwa yana jan jirgi, jiƙaƙƙiyar igiya mai ɗauke da yashi tana gugar dutsen har ta ci shi. Aka manna ƙarfe a kusurwar don ya tare, shi ma ta ci shi. Dokin ya daɗe da barin wurin. Wanda ke wucewa yau mutum ne a kan keke mai kaurin taya, da hular kwano da gorar ruwa, tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashinsa. Wannan hawan keke a kan tsakuwa da burji, nesa da kwalta, ya zama abin yayi a ƙasashen Turawa cikin shekaru ashirin da suka wuce, ya kuma taso da gardamar da ta fi shi girma: hanyar da babu mota a kanta ta wane ce, kuma da wane irin sauri ya halatta a bi ta?

Ba za a iya amsawa ba sai an san mafarin hanyar. A 1761 aka buɗe kanal ɗin Bridgewater, wanda ya riƙa kai kwal daga ramukan haƙa na Worsley zuwa Manchester, nan da nan farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokin da da ƙyar yake jan tan ɗaya ko biyu a amalanke kan hanyar taɓo, idan aka ɗaura masa jirgi a kan kwantaccen ruwa sai ya ja kimanin tan 30. Masu kuɗi suka hango riba, aka shiga haƙa ba ji ba gani, har aka kai ga irin wanda ya haɗa Leeds da Liverpool, mil 127, wanda aka kammala a 1816. To, shi ruwa ba ya hawa tudu, don haka injiniyoyin suka riƙa bin gindin tsauni suna kewayawa, suna neman inda ƙasa ta daidaita. Inda kewayawa ta gagara sai su gina ƙofofin ruwa, wato wani ɗan ɗaki mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika shi da ruwa har ya taso, a buɗe ya wuce mataki na gaba. A Caen Hill, kusa da garin Devizes, akwai irin waɗannan ƙofofi 29 cikin tazarar mil 2, 16 daga cikinsu a jere reras kamar matakalar bene, kuma jirgi kan kwashe awa 5 zuwa 6 kafin ya gama hawansu. Kusa da kowane taku na wannan ruwa akwai turbar da doki ke bi. Faɗinta faɗin doki ne da mai jansa. Tsayin gadar da ke samanta an auna shi ne da kan doki. Inda turbar ke komawa ɗaya gefen ruwan, an gina wata irin gada mai lanƙwasa kamar maciji, yadda dokin zai ƙetare ba tare da an kwance masa igiya ba. A ramin Standedge mai tsawon fiye da mil 3 babu turba ko kaɗan, sai a zagaya da dokin ta kan tsauni, mutane su kwanta a kan jirgin suna tura bango da ƙafa har su fita. Komai na wannan hanya da takun dabba aka auna shi, kuma wannan shi ne abin da mai sauraro zai riƙe a zuciya har ƙarshen sharhin nan.

Jirgin ƙasa ne ya karya kasuwar kanal, manyan motoci suka ƙarasa ta, tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 da ya daskarar da ruwan na tsawon makonni ya yi mata jana'iza. Da an bi ta masu lissafi da yanzu an cike mafi yawansu da ƙasa. Waɗanda suka hana kuwa ba masu keke ba ne, kuma wajibi ne a faɗi haka. A Ingila marubuci Tom Rolt da Robert Aickman ne suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa a 1946, 'yan sa-kai suka yi shekaru suna kwashe taɓo da tsofaffin ƙarafa da hannunsu, har Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe kanal ɗin Kennet da Avon a 1990. A Amurka labarin ya fi daɗin ji. Kanal ɗin Chesapeake da Ohio, mil 184 da rabi daga birnin Washington zuwa Cumberland, wanda alfadarai suka riƙa jan jiragensa, ya daina aiki a 1924 bayan ambaliya. Da aka zo da shirin shimfiɗa titin mota a kansa, jaridar Washington Post ta goyi baya. Sai wani alƙalin Kotun Ƙoli mai suna William O. Douglas ya ƙalubalanci editocin su zo su taka turbar tare da shi da ƙafa. A watan Maris na 1954 suka yi kwana 8 suna tafiya, jaridar ta sassauta matsayinta, titin bai yiwu ba, a 1971 aka mayar da wurin gandun tarihi na ƙasa. Ashe ƙafa ce ta ceci turbar da taya ke morewa yau.

Shi kuwa keken tsakuwa, ga kamanninsa. Kansa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi kauri: inda ta tsere ke da faɗin milimita 25 zuwa 28, tasa takan kai 38 zuwa 50, da 'yan ƙuraje a jiki don riƙe ƙasa. Ba a cika mata iska ta yi tauri, ana barin ta da ɗan laushi domin ta shanye gargada. Da yawa babu robar ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ake zubawa, wanda idan ƙaya ta huda tayar yake toshe ramin kafin mahayin ya ankara, abin da mai faci ba zai so jin labarinsa ba. Birkinsa na faifai ne, irin na babur, don taɓo ba ya hana shi kamawa. Yayin abin ya taso ne daga jihohin tsakiyar Amurka masu dogayen hanyoyin gona. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas suka yi tseren mil 200 a kan tsakuwa, yau wannan tsere da ake kira Unbound yana tara dubban mutane. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya. Sai dai mafi yawan masu sayen keken ba tsere ya dame su ba. Tsoron mota ne ya koro su daga kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Abin da zai ba mutum dariya mai ɗaci shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19, kafin mota ta yaɗu, masu keke ne a Amurka da Ingila suka fi kowa ɗaga murya a gyara hanyoyi a daidaita su. Aka gyara, mota ta zo ta gaje, jikokin masu fafutukar suka koma neman burji.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ya kamata a bar mai keke ya bi turbar kanal da hanyoyin karkara, a ma yi masa maraba, amma da sharaɗi guda: kada wanda ya gudo daga mota ya zama motar wasu. A kan babban titi shi ne mai rauni, tirela tana wucewa iskarta tana kaɗa shi. Da zarar ya sauko bakin ruwa sai lissafin ya juye, ya zama shi ne mafi sauri kuma mafi nauyin bugu a wurin. Mai sauraro ya kwatanta. Turbar a wurare da dama ba ta kai mita 2 ba, gefe guda ruwa, gefe guda shinge. Jirgin da ke kan ruwan doka ba ta bar shi ya wuce mil 4 a awa ba, wato saurin mutum mai hanzari a ƙafa. Ga tsohuwa da sandarta, ga uwa da keken jariri, ga mai kare da doguwar igiya. Ga mai kamun kifi zaune a kan akwatinsa da wata irin doguwar sandar fatsa mai fiye da mita 10, wadda idan zai sa tana sai ya turo ta baya ta gitta hanyar. Ga masu zama a cikin jirage, waɗanda turbar ce ƙofar gidansu, da igiyoyin ɗaurinsu da turakunsu a ƙasa. A ƙarƙashin gada kuwa turbar takan ƙara tsukewa ta lanƙwashe, ba ka ganin mai zuwa sai kun yi kiciɓis. Cikin wannan taro ne mutum zai kutso da gudun kilomita 25 ko 30 a awa, kansa a sunkuye, yana ƙoƙarin karya lokacin da wani ya kafa a manhajar Strava. Ko bai bugi kowa ba ya riga ya yi ɓarna, domin ya ɗauke wa mutane abin da ya kawo su wurin, wato tafiya ba tare da waige ba. Shi ya sa Canal & River Trust, hukumar da tun 2012 ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, ta ce mai tafiya a ƙasa ne ke da fifiko, mai gaggawa kuma ya nemi wata hanya. Dokar karkara ta 1968, wadda ta ba masu keke izinin bin turbobin dawaki a gonaki da dazuzzukan ƙasar, da wannan sharaɗi ta ba su: su kauce wa mai ƙafa da mai doki. A kan kanal ɗin Chesapeake da Ohio an ƙayyade wa keke mil 15 a awa.

Wani zai ce, in haka ne me ya hana a kore su gaba ɗaya a huta? Akwai masu wannan ra'ayi a cikin masu jirage da masunta, kuma ba a banza suka fusata ba. Amma su tuna yadda turbar take a lokacin da ba kowa a kanta. Hanyar da ba a takawa ciyawa ce ke cinye ta, ta zama juji, ta zama wurin da mace ba ta iya bi ita kaɗai da yamma. Yawan ƙafa da taya shi ne tsaronta, shi ne kuma hujjar da ake kai wa gwamnati idan ana neman kuɗin gyara. Sannan akwai ƙauyukan da ke bakin hanya. Mai mota yakan cika tanki a birni, ya wuce ƙauye goma bai tsaya ba. Mai keke cikinsa ne tankinsa, duk bayan 'yan sa'o'i sai ya nemi abinci da ruwa, dare ya yi ya nemi makwanci, sarƙa ta tsinke ya nemi mai gyara. A jihohin Pennsylvania da Maryland an mayar da tsohon layin dogo turbar dakakken dutse mai mil 150, ana kiranta Great Allegheny Passage, aka kammala ta a 2013, ta haɗu da turbar kanal a Cumberland, yadda mutum zai tashi daga Pittsburgh ya isa Washington, fiye da mil 330, kusan ba tare da ya goga kafaɗa da mota ba. Ƙananan garuruwa irin su Confluence da Meyersdale, waɗanda arzikin kwal da jirgin ƙasa ya bari a baya, yanzu suna da masaukin baƙi da gidajen abinci da shagunan gyaran keke da suka dogara da masu wucewa. Wanda ya ce a rufe hanyar, sai ya je ya yi wa mai gidan abincin bayani.

Akwai suka ta biyu, wadda na fi jin daɗinta domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: wai duk wannan dabarar 'yan kasuwa ce, sun ga kowa ya sayi keken kwalta da na hawan dutse, suka ƙirƙiro na uku mai tsadar da ta kai ta babur ko ta fi. Haka ne, kamfanoni sun ci kasuwa. Hawan keke a kan ƙasa bai jira su ba. Tun 1955 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna Rough Stuff Fellowship, ta mutanen da ke ratsa tsaunuka da kekunansu na yau da kullum, inda hanya ta ƙare su saɓa su a kafaɗa. Masu sauraronmu ma sun fi kowa sanin haka. Keken Rali na Nottingham, mai kariya a baya da ƙararrawa a gaba, ya yi shekaru yana dakon buhun hatsi da tulun ruwa da ɗan makaranta a kan burjin ƙasar Hausa, babu wanda ya ba abin suna na musamman balle ya shirya masa gasa. Amma idan an duba da kyau, wannan suka tana ƙarfafa maganata ne. Tunda turbar kanal shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa ba gangara, kowane irin keke yana iya bin ta, tsoho da yaro da wanda ya tashi daga jinya duka suna iyawa. Tsadar tana cikin shago, hanyar kuwa kyauta ce. Abin da zai mayar da ita ta masu hali kaɗai shi ne a bar masu gudu su firgita sauran har su daina zuwa.

Suka ta uku ita ce mai wuyar amsawa, kuma daga masu kyakkyawar niyya take fitowa. Suna cewa: tunda mutane sun yi yawa, da damina kuma turbar taɓo take zama, a zuba mata kwalta mana. Mai keken guragu yana da haƙƙin zuwa bakin ruwa kamar kowa, haka ma'aikacin da ke son zuwa aiki ba tare da ya ɓata tufafinsa ba. Wannan gaskiya ce, kuma a cikin birane irin su Landan da Birmingham, inda turbar ta zama hanyar zuwa aiki, ban ga laifin shimfiɗa mai ƙarfi ba. Inda nake ja shi ne a karkara. Santsin hanya gayyatar gudu ne, kowane direba ya san haka, kuma allon gargaɗi ba ya rage saurin da hanya da kanta take kira. Tsakuwa kuwa birki ce da ba ta bukatar ɗan sanda. Tana rage gudu, tana kuma yin ƙara, yadda mai tafiya zai ji keke na zuwa tun daga nesa, alhali a kan kwalta sai dai ya ji iska ta wuce shi. Tsakanin taɓo da kwalta akwai matsakaici: dakakken dutse mai laushi da aka daddaɓe, wanda keken guragu ke bi lafiya, ruwa kuma yana tsanewa ta cikinsa. Mutanen Tuscany a Italiya sun gane darajar wannan tun da wuri. A 1997 mutum 92 suka hau tsofaffin kekuna a garin Gaiole suka fara abin da ake kira L'Eroica, ɗaya daga cikin manufofinsu shi ne hana a rufe fararen hanyoyin tsakuwar yankin da kwalta. Daga nan aka haifi tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda ke ƙarewa a birnin Siena, hanyoyin da a da ake jin kunyarsu suka zama abin da ke kawo baƙi. A kudancin Faransa, kanal ɗin Midi da Pierre-Paul Riquet ya fara haƙawa a 1666 aka buɗe a 1681, kilomita 240, sashensa na kusa da Toulouse yana da kwalta, wasu sassan kuwa saiwoyin itace ne da ramuka. Can babbar asarar da aka yi ma ba ta shafi shimfiɗa ba: wata cutar itace da aka gano a 2006 ta tilasta sare fiye da rabin manyan itatuwa 42,000 da ke yi wa turbar inuwa. Wanda ya bi wurin da rana tsaka yanzu zai gane cewa ba santsin ƙasa ne kaɗai ke sa hanya daɗi ba.

Idan aka bar bakin ruwa aka shiga gonaki, maganar ba ta da tsawo. Ƙasar da mai keke ke ratsawa wurin neman abincin wani ne. Ƙofar shingen da ya tarar a rufe ya mayar da ita a rufe, garken tumaki ba a kutsa shi da gudu, doki kuwa yana razana da abin da ya taho masa ta baya shiru, don haka sallama ta fi ƙararrawa. Batun zaizayar ƙasa gaskiya ne a lokacin ruwa, domin taya tana yanka jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bar kwari, ruwa ya bi ya faɗaɗa shi. Kofaton doki da tayar tarakta ma suna yin haka, har sun fi. Maganin shi ne a ɗaga wa hanya ƙafa idan ta jiƙe. A Scotland dokar 2003 ta ba kowa izinin ratsa mafi yawan ƙasa da ƙafa ko keke ko doki, amma ta ɗaure izinin da sharaɗin sanin ya-kamata, wanda ya saɓa ya zubar da haƙƙinsa.

Na san akwai mai saurare a ƙauye da ke murmushi yana cewa, mu da burji ya zame mana dole, ana ba mu labarin masu neman sa da kuɗinsu. Yana da gaskiya, kuma ba zan ce wa manomin Kadawa ko Kura ko Bunkure, wanda ke tura kwandon tumatir a kan keke ta gefen kanal ɗin da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, ya ƙaunaci ƙura ba. Shi kwalta yake bukata daga gona zuwa kasuwa, haka ma mai naƙuda da ake son kaiwa asibiti. Wanda ya ƙoshi da titi ne yake marmarin tsakuwa. Abin lura kawai shi ne yadda Turawa suka yi nasu titunan ba tare da sun ware wa mai ƙafa da mai keke gurbi ba, sai daga baya suka koma tsintar ragowar da doki da jirgin ƙasa suka bari. A Ingila sai da aka rufe dubban mil na layin dogo bayan rahoton Beeching na 1963, sannan wasu 'yan sa-kai a Bristol suka fara mayar da tsohon layin da ke zuwa Bath turbar keke a 1979. Sun yi sa'a kakanninsu sun bar musu abin tsinta.

Saura maganar kuɗi, kuma a nan masu keke ba su da bakin magana sosai. Kanal tsohon gini ne mai shekaru fiye da 200, ƙofofinsa na katako ne da ke ruɓewa a sauya su, gaɓarsa tana zubewa, madatsun da ke ba shi ruwa suna tsufa. A watan Agusta na 2019 sai da aka kwashe mutanen garin Whaley Bridge kimanin 1,500 daga gidajensu, saboda bangon madatsar Toddbrook, wadda ke shayar da kanal, ya fara ɓallewa bayan ruwan sama mai yawa. A 2023 kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa tallafin da take ba Canal & River Trust zai fara raguwa daga 2027. Mai jirgi yana biyan lasisi duk shekara. Mai fatsa yana biyan nasa. Mai keke, wanda wataƙila abin hawansa ya fi albashin wata na mai share turbar, yana wucewa ko sisi bai ajiye ba. Ban goyi bayan a kafa shinge a riƙa karɓar kuɗin shiga ba, domin wanda zai fara dainawa shi ne yaro da talaka, ga shi kuma mai tafiya a ƙasa ma ba ya biya. Amma kamfanonin da ke tallar kekunansu da hoton bakin ruwa, da masu shirya tafiye-tafiyen kwana da kwanaki a kan turbar suna karɓar kuɗin mutane, da ƙungiyoyin masu keke masu dubban mambobi, babu abin da ya hana su ɗaukar nauyin wani yanki su ce mil kaza namu ne, mu za mu saye masa dutse mu kuma fito da shebur. Hukumar tana karɓar gudummawa, tana da ranakun aikin gayya da ake yankan ƙaya, a cike ramuka, a yi wa ƙofofin ruwa fenti. Waɗanda suka tono kanal ɗin Kennet da Avon daga cikin taɓo da ranakun hutunsu suka yi shi, yawancinsu yanzu sun tsufa ko sun rasu, kuma ana bukatar waɗanda za su karɓi shebur ɗin kafin 2027.